Batir Ba Ya Ciniki

Jama'ar wannan shafi, bari in baje kayana a fili tun farko, kamar yadda na saba.

Na rasa miji. Na rasa ɗan ɗaki mai taya biyu da ya shekara shida yana haɗa mini. Na rasa rabin wani kwali da ya zana da hannunsa. Abin da na samu kuwa, fitila ce guda ɗaya, da tudun yashi a ƙasar da ba tamu ba.

Zan ba ku labarin kamar na wata ce, don ya fi mini sauƙin fita. Kuma yau zan rubuta sunan da bakina bai taɓa kira ba yana raye.

Akwai wani mutum a Landan, sunansa Malam Nata'ala. Mai aikin lantarki ne a wani gidan wasan kwaikwayo kusa da Aldwych. Shi ke hawa tsani ya rataya fitilu can saman dandamali. In Turawa suna son wata ya fito musu a tsakiyar wasa, shi ke fito da shi. In suna son hantsi, ya ba su hantsi. Da an tashi sai ya kashe ranar da watan, ya hau bas ya koma Tottenham.

Matarsa Hajjo 'yar Fagge ce. A gidansu na haya, na ƙaramar hukuma, hawa na tara, take sayar da daddawa da kuka da turaren wuta da atamfa. Karatunta bai wuce ta gane lambar bas ba. Amma fa wajen ciniki, ko mai kifin kasuwa ya hango ta tafe, sai ya ce wa abokinsa, "Karɓe ni, zan je shan shayi."

Allah bai ba su haihuwa ba. Su biyu ne, sai tagar da ke kallon rufin gidajen mutane.

Wata Asabar a shekarar 1986, Malam ya ce ta sauko ta ga wani abu. Ya kai ta wani fili a bayan gadar jirgin ƙasa, inda makanikai ke da gareji. Ga tsohuwar Fijo ɗinsa, a bayanta kuma an ɗaure wani ɗan ɗaki fari mai taya biyu, irin wanda Turawa ke ja zuwa hutu suna ce masa karaban.

Hajjo ta zaga shi sau biyu. Ta ce, "Malam, kiwon kaji za mu fara?"

Ya ce, "Gidanki ne. Shiga ki gani."

Ciki ba komai sai gado ɗaya, da ɗan teburi, da warin ruɓaɓɓen katako. Da ta ji abin da ya biya, sai da ta yi kwana uku tana mita.

Shi kuwa da abin da ke ransa. A zamanin nan mutane kan tuƙa mota daga Turai, su tsallaka ruwa, su ratsa Aljeriya, su keta hamada har Agadas, su faɗo Damagaram, su shigo Kano. Ya ce haka za su koma gida. Ba a jirgin da zai tofar da su cikin awa shida ba. Sannu a hankali, da ɗakinsu a bayansu, duk inda rana ta faɗi nan ne unguwarsu.

Ya ce, "Shekara goma sha takwas muna kwana da ƙafar wani a saman kanmu. Ina so ki kwana inda ba kowa samanki sai Allah."

Ta ce, "To a hamadar wa zai ba mu wuta?"

Ya yi murmushi. Ashe tambayar da yake jira ke nan.

Ranar Lahadi ya ɗauko kwanon sha, ya ƙirga wake tamanin ya zuba. Suka zauna a ɗan teburin karaban, ruwan sama na ɗiga a rufi.

Ya ce, "Wannan kwanon shi ne batirin ɗakin. Abin da ke ciki shi ke nan." Sai ya kwashe rabi ya tura gefe. "Arba'in ɗin nan ba naki ba ne, na batir ne. In kika ci masa su, ya mutu. Saura arba'in, su za ki ci daga tsayawar mota zuwa tashinta. In mota na tafiya za ta riƙa cika kwanon ta wata waya da zan ja. In ta tsaya, hanyar za ta rufe da kanta, kada ɗaki ya shanye batirin mota mu rasa na tashi. To, me kike so a gidanki?"

Hajjo ta gyara zama. Ta ce fitila. Ya ce kowace fitila wake ɗaya a awa. Ta ce fanka. Ya ce biyu a awa. Ta ce rediyo, ya cire ɗaya. Ta ce famfon ruwa, ya cire biyu na wuni guda.

Ta ce, "Firji."

Ya ce, "Takwas a awa."

"Takwas? Kai Malam! Huɗu."

"Takwas."

"Biyar, albarkacin zaman tare."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Hajjo, batir ba ya ciniki. Ba mai kifi ba ne. Firjin nan da gas zai yi aiki in mun tsaya, ba da wakenki ba."

Ta ce to butar shayi. Ya ce sai an ja mata waya mai kaurin ɗan yatsa, kuma ga risho. Ta ce dutsen guga. Ya ce a hamada ko sarki da yamutsattsiyar riga yake yawo.

Haka suka riƙa yi duk Lahadi. Ita ta taya, shi ya ce albarka. Wani lokaci ta sace wake biyu daga na gefe ta mayar cikin kwano, ya yi kamar bai gani ba, sai an gama lissafi ya ce, "Ɓera ya shiga batirin nan."

Abu ɗaya ne ta roƙa ba da muryar kasuwa ba. Wata rana ta jingina da bangon gadon, ta ce, "A nan saitin kaina nake son fitila. Ba fara irin ta asibiti ba. Mai ja-ja, irin fitilar ƙwai ta ɗakin Innata."

Mako na zagayowa ya zo da wani ɗan yankin leda mai launin zuma, irin wadda suke rufa wa fitilun dandamali in suna son yamma ta yi. Ya ce, "Wannan za ta sami wayarta ita kaɗai."

Da yake ya san ba ta karatu, bai rubuta tsarin da baƙi ba. Ya sami bayan wani kwali ya zana. Batir ya zama tulu. Fanka ta zama mafici. Rediyo ya zama kunne. Fitilarta kuma ya zana mata jinjirin wata. Daga tulun ya ja hanyoyi, wata siririya, wata mai kauri, a gefen kowace ya ɗiga adadin wakenta. Kowace waya a cikin ɗakin ya ɗaura mata ƙyallen atamfar Hajjo, don ta gane ta: kore na fanka, shuɗi na famfo, ruwan goro na fitilarta. Ya kafa kwalin a bango kusa da gadon.

A bakin kowace hanya ya zana wata 'yar gada. Ta tambaye shi. Ya buɗe wani gwangwani ya nuna mata 'yar kwalba kamar ƙwayar gyaɗa, da zaren ƙarfe siriri a ciki.

Ya ce, "Fis ke nan. Aikinsa ya mutu. In aka ɗora wa waya kayan da ya fi ƙarfinta, shi zai ƙone kafin ita."

Ta taɓe baki. "A gidanmu in fis ya ƙone, Baba takardar azurfa ta kwalin taba yake naɗa masa, wuta ta dawo. Duk layinmu haka ake yi."

Ya ce, "Allah ne ya tsare layinku."

Garejin da ke maƙwabtaka da filin na wani ne mai suna Bot, mutumin Jos, mai gyaran wayoyin mota. Matarsa Anatu nas ce. Bot kan leƙo da kofin shayi, su duƙufa shi da Malam a kan kwalin suna gardamar kaurin waya. In Hajjo ta ce a ƙara mata abu, sai Bot ya ce, "Hajiya, in an biye miki sai mun ja NEPA guda a bayan motar nan." Ita kuma ta ce, "Kai dai gyara motocin mutane, ka bar masu gida su yi magana."

Aikin bai yi sauri ba. Lahadi ce kawai, kayan kuma ɗaya bayan ɗaya ake saye. Shekaru suka yi ta wucewa. Da yamma, in ya ajiye filaya, sai su zauna a ƙofar karaban, jirgin ƙasa na wucewa samansu, yana ba ta labarin garuruwan da bai taɓa gani ba. Yashi mai launin tuwon dawa. Rijiyar da raƙuma ke layi. Wurin da za ka yi kiran salla muryarka ta tafi ba ta dawo ba.

Daga baya rediyo ya fara cewa hanyar ta ɓaci, ana tashin hankali, matafiya sun daina bi. Malam ya ce, "Hanya takan rufe ta buɗe. Mu dai mu gama wayarmu."

Bai gama ba. Farkon 1992, yana tsaye a tashar bas zai tafi aiki, zuciyarsa ta tsaya. Allah ya jiƙansa.

Da Hajjo ta fita takaba, Bot da Anatu suka hau hawa tara suka zo gaishe ta. Bayan an yi addu'a, Bot ya ce mai filin ya sayar da wurin, kowa ya kwashe kayansa kafin ƙarshen wata. Fijo kuwa an riga an sayar, don ita ba ta tuƙi.

Ya ce, "Hajiya, abin da ya rage a aikin Malam ba yawa. Wayar fitilarki kaɗai ya ƙarasa. Babban fis na bakin batir ma bai sa ba, don haka kada kowa ya haɗa komai tukuna. Ki bar ni in ƙarasa. Ba na son ko kwabo."

Kalmar nan ta ƙarshe ita ta ɓata komai. Hajjo ta ji kamar an miƙo mata kwanon sadaka.

Ta ce, "Bot, shekara nawa ina kasuwa? Wanda ya ce zai gyara maka kaya kyauta, kayan yake so. In saye za ka yi, ka taya kamar kowa."

Anatu ta ce, "Haba Yaya!"

Bot ya miƙe, ya ɗauki hularsa. Ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Hajiya." Suka sauka.

Ta sa aka yi mata talla. Masu saye suka riƙa zuwa. Wani Bature da matarsa suka taya, ta ce albarka. Wani ɗan Gana ya ƙara, ta ce albarka. Duk wanda ya zo sai ya ce ai wutar ba a gama ba, ita kuma ta ji kamar mijinta ake zagi. Kwana na ta ƙarewa.

Sai ga Alhaji Maje, wani attajiri mai gida a Landan, yana nema wa 'ya'yansa abin zuwa hutu. Ya leƙa, ya shafa firjin, ya ce, "Hajiya, in na dawo Asabar na tarar firjin nan na sanyi, aka dafa mini shayi da lantarki a nan ciki, abin da kika yanka shi zan biya."

Ta ce, "Sai ka zo."

Ranar Juma'a ta sayo wata 'yar buta mai aiki da batirin mota. Asabar da hantsi ta buɗe karaban ita kaɗai. Shekara shida tana kallon hannun Malam, ta san yadda ake fere waya a murɗa. Ta je akwatin batir da ke waje ta gaba, ta ɗaura kawunansa. Ta taɓa makunni, fitilarta ta kawo. Ba ta ko tsaya mamakin batirin da ya yi wata biyar a ajiye bai mutu ba.

Waya ɗaya ce mai rai a ɗakin, mai ƙyalle ruwan goro, siririya kamar tsinken tsintsiya. A kanta ta murɗa wayar firji. A kanta ta murɗa ta buta.

Ƙyas! Fis ya ƙone.

Ta buɗe gwangwanin Malam ta sa wani. Ƙyas! Ta sa na uku. Ƙyas!

Ta dubi ɗan fis ɗin a tafin hannunta, ta ce, "Kai ma ciniki za ka yi da ni?"

Sai ta tuna Fagge. Ta yago takardar azurfa daga ƙunshin ganyen shayi, ta naɗe mataccen fis ɗin tsaf, ta tura shi mazauninsa.

Fitila ta kawo. Buta ta fara 'yar ƙara. Hajjo ta zauna bakin gado, ta harɗe ƙafa, ta ce a ranta, ga shi nan, ashe batir ma yana ciniki, Malam ne bai iya tayi ba.

Ta jingina, hasken nan mai launin zuma na zuba a kafaɗarta. Ta lumshe ido. Sai ta ga kamar ɗakin na tafiya. Ga yashi ta taga, ga Malam a gaba yana tuƙi da hularsa a karkace, ga raƙuma can nesa. Har ta ji ɗumi a bayanta, ta ce rana ce ta hamada.

Ta ji warin roba, ta ce daga garejin Bot ne.

Da ta buɗe ido, hayaƙi ne ke fita ta bayan kwalin. Wayar ta bi ta nan ne cikin bango. Kafin ta miƙe, wuta ta huda tsakiyar jinjirin watan, ta fara cin hanyoyin da Malam ya ja.

Ta ƙwalla, "Wayyo Allah! Jama'a!"

Ta cire mayafi tana dukan bangon, wutar na komawa ciki tana sake fitowa ta wani wuri. Sai ta ji gudu. Bot ne. Bai ko shigo ba, akwatin batir ya nufa, ya kama wayar da hannu ya fizge ta. Sannan ya dawo da tukunyar kashe gobara ta garejinsa, ya feshe bangon.

Su biyun suka yi ta tari.

Daidai nan motar Alhaji Maje ta shigo filin. Ya sauke gilashi, ya ga hayaƙi na fita ta ƙofa. Ya ce, "Subhanallahi. Allah ya kiyaye gaba, Hajiya." Gilashi ya koma sama, mota ta juya.

Bot ya zaro fis ɗin da filaya, ya ga takardar azurfa. Ya dube ta. Ta jira ya yi magana, don ta tanadi amsa. Sai kawai ya ajiye shi a teburi.

Sai a lokacin ta ga tafin hannunsa, ya tashi fari, fata ta saluɓe.

Ta ce, "Hannunka."

Ya ce, "Zai warke. Anatu na gida."

Ta ce, "Batirin nan, wa ya hana shi mutuwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Duk wata nakan ɗauka in yi masa caji in mayar. Malam ba ya son a bar shi da yunwa."

Hajjo ta juya ga bango. Rabin kwalin ya zama toka. Tulu na nan, mafici na nan. Wata ya tafi, da duk ɗigon da Malam ya yi a gefen kowace hanya na adadin wake. Tun ranar rasuwa ba ta yi kuka a gaban namiji ba. Ranar nan ta zauna a ƙasa ta yi.

Bot ya bari sai da ta lafa. Ya ce, "Hanyoyin ina da su a kai, tare muka yi gardamarsu. Lissafin ne ban riƙe ba. Abin da kowane abu zai ci, da awa nawa. In ba shi, ban san girman fis da kaurin wayar da ya nufa ba."

Ta share ido da gefen mayafin da ya ƙone. Ta ce, "Fitilun ɗaki biyu, wake ɗai-ɗai a awa, awa huɗu, takwas ke nan. Fanka biyu a awa, awa shida, sha biyu. Famfo biyu a wuni. Rediyo ɗaya a awa, awa uku. Tawa fitilar ɗaya a awa, ya ba ni awa biyar. Talatin. Goma ya ce a bari saboda ranar da mota ta ƙi tashi."

Bot ya buɗe baki. "Hajiya, a ina kika rubuta?"

"Shekara shida ina tayawa yana hana ni. Akwai farashin da aka taɓa hana ni na manta?"

Ya yi dariya duk da hannun. Ita ma ta yi, da hawayen da komai.

Ta ce, "Ka ƙarasa. Amma ba kyauta ba. In an gama za mu yi ciniki."

Ya ce, "Na ji."

Kwana tara suka rage. Hannun Bot na naɗe da bandeji, don haka shi ke faɗa, ita ke yi. Ita ta fere, ita ta murɗa, ita ta ɗaure. Suka cire allon da ya ƙone suka sa sabo. Abu na farko da ya sa ta ɗaura shi ne babban fis, taƙi ɗaya daga bakin batir. Firji aka mayar da shi kan gas. Butar kuwa Anatu ta tafi da ita, ta ce za ta shuka albasa a ciki.

A sabon kwali Bot ya ja hanyoyi da hannun hagu. Da aka zo kan wata, ya miƙa mata alƙalamin. Nata watan ya fito kamar yankan kabewa. Ta ce haka za a bar shi.

Ranar ƙarshen wata suka ɗaura karaban a motar Bot. Anatu ce ta tuƙa. Ta ce ta kama musu wuri a wani sansanin masu hutu, sai an gwada aiki kafin a yi maganar ciniki. Hajjo na kujerar baya, tana ta waiwaye tana ganin ɗakinta na biye da ita kamar ɗan tunkiya.

Suka fita Landan, suka yi kudu. Gidaje suka ƙare, gonaki suka fara. Da la'asar suka iso bakin teku.

Hajjo ba ta san akwai irin wurin nan a ƙasar Turawa ba. Tudun yashi ne, ɗaya bayan ɗaya, iska na kwasar kansu tana watsawa. Ta cire takalmi. Yashin da sanyi, ba irin wanda aka yi mata alkawari ba. Amma da ta hau tudu ta juya wa ruwan baya, ba ta ga komai ba sai yashi da sama. Ba ƙafar kowa a saman kanta.

Ta yi sallar magariba a nan. Sannan ta shiga ɗakin ta taɓa makunni.

Hasken ya sauko a hankali, launin zuma, saitin kanta. Sak ɗakin Innarta. Ta ɗora hannu a bango, sanyi ƙalau. Ta daɗe a haka. Ta taga tana jin teku na shiga yana fita kamar numfashin mai barci.

Can ta leƙa ta ce, "Ku shigo a yi ciniki."

Suka zauna a ɗan teburin. Ta ce, "Ni ba mota, ba wurin ajiya. Ɗakin nan sai mai ja. Nawa aikinka?"

Bot ya ce, "Hannun da ya ci tuwon Malam ba zai karɓi kuɗin matarsa ba."

"To ni kuma ba na cin sadaka."

Anatu ta ce, "Ku biyun nan kun ishe ni. Kai, ba tun bara kake cewa kana son irinsa ba? Saya. Ke kuma Yaya, sayar."

Bot ya taya da abin da Baturen nan ya taya. Ta ce albarka. Ya kai na ɗan Gana. Ta ce albarka. Ya kai har abin da ta yanka wa Alhaji Maje.

Ta ce, "Albarka."

Ya ce, "Hajiya, to me kike so? Motar zan haɗa miki?"

Ta buɗe gwangwanin Malam, ta zaro sabon fis guda ta ajiye a gabansa.

Ta ce, "Ka ja shi, naka ne. Amma fitilar nan ba a ɗora wa wayarta komai har abada. Kuma duk shekara in bazara ta yi, za ku kawo ni nan in kwana huɗu."

Ya ce, "Biyu. Ina da gareji."

"Huɗu."

"Hajiya, biyu. Batirin ma in mota na tsaye, kwana biyu yake kaiwa in an yi tattali. Ke kika yi lissafin."

Ta buɗe baki za ta ce uku. Sai ta dubi hannunsa mai bandeji, ta dubi fitilar.

Har yau mutanen Tottenham na tambayata, wai Hajjo da ba a taɓa kayarwa a ciniki ba, nawa ta sayar da karaban ɗin mijinta? To ga shi, ku ji daga bakina. Kwana biyu a shekara, da fitila ɗaya a kunne. Na ce na sallama, Allah ya sa albarka.

Darasi: Wanda ya ce maka "ya isa haka" ba maƙiyinka ba ne, sau da yawa shi ne ɗan siririn zaren da ya yarda ya ƙone don kada gidanka ya ƙone. Kada girman kai ya sa ka naɗe bakinsa, kuma kada ka ɗauki kowane alheri a matsayin tarko. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman mai taurin kai irina da kuka sani, tun bangonsa bai fara ɗumi ba.